Gayaunar da Taga Ba Ta Nunawa

"Ba zan rubuta ba, Malam."

Malam Ishaƙ ya ɗago daga takardun da ke gabansa, ya dubi Rakiyya ta saman tabarau. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da ofishin ƙungiyar manoman riɗi a Gumel, bai taɓa jin ma'aikaci ya faɗa masa wannan magana ido da ido ba, balle yarinyar da ko shekara biyu ba ta cika da zuwa ba.

"Ban ji ki ba."

"Cewa na yi ba zan rubuta ba. Ka yi haƙuri."

Safiyar Litinin ce, tsakiyar Yuli. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, hadari ya haɗo ta gabas ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Rakiyya na tsaye da kwamfutarta rungume a ƙirji.

Ita ce mai kula da rumbun bayanan ƙungiyar, kuma ita kaɗai ta san cikinsa. Tebur biyu ne a rumbun. Ɗaya na gidaje, ɗaya na filaye. A teburin filaye kowace gona da layinta: gandu da sunan maigida, gayauna kuwa, ƙaramar gonar mutum ta kansa, da sunan wanda ke noma ta, kuma yawancinsu mata ne. Daga wannan teburin ake buga katin karɓar ingantaccen iri, kowane layi kati ɗaya. Malaman rajista da ke yawo a ƙauyuka ba sa ganin teburan nan. Manhajar da ke wayoyinsu abu ɗaya take nuna musu, abin da Rakiyya ke kira taga: kowane gida layi ɗaya, sunan maigida da jimillar ekar da gidan zai sa riɗi.

Taga kuwa ba ta riƙe komai nata na kanta, leƙe kawai ake yi ta cikinta. Saboda haka in malamin rajista ya canza lamba a kanta, sai an sami abin da zai ɗauki canjin ya kai shi tebur. Wannan abin shi ne tiriga, ɗan umarni ne da ake rubutawa a ɗaura a jikin tagar. Da an taɓa layi sai ta farka, ta dubi tsohon, ta dubi sabon, ta yanke inda za ta kai gyaran. Tirigar da Rakiyya ta rubuta ba ta da wahalar sha'ani in gidan fili ɗaya gare shi, nan take take kai lambar wurinta. In ya wuce ɗaya sai ta tsaya, ta fito da jan rubutu: Wane fili? Malaman kuwa ba su da amsa, don lamba ɗaya suka tambayo a kowane gida.

Gida ɗari biyu da arba'in ke nan tirigar ta tsayar.

"Rakiyya, zauna," in ji Malam Ishaƙ.

Ba ta zauna ba.

"Kamfanin iri ba ya karɓar gidan da ba a sabunta masa lamba bana ba, kin sani. Ranar Alhamis da azahar suke rufewa, Juma'a mota ta taso. Riɗi kuma in watan nan ya fita ba a sa shi a ƙasa ba, sai dai wata shekarar. Me na ce ki yi mai wuya? In gida yana da fili uku, abin naki ya haɗe su ya zama ɗaya da sunan maigida, ya ɗora sabuwar lamba. Maigida ya karɓo iri, su raba a cikin gida. Kafin a haife ki haka ake yi."

"In ta haɗe su, sauran layukan gogewa za ta yi."

"To?"

"Kuma babu wanda zai gani. Tagar yadda take jiya haka za ta kasance gobe, sunan maigida da lamba. Kai kanka in ka duba ba za ka san an rasa komai ba. Damina biyu aka yi ana tattara sunayen nan, Malam."

"Ba kina da ajiyar kwafinsu ba?"

"Ta mako biyu ce, sabuwa tana taka tsohuwa. Kuma kati ba daga ajiya ake buga shi ba."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ba mugun mutum ba ne, ita ma ta sani. Shi ya tsaya mata a gaban kwamiti lokacin da wasu suka ce a ɗauko namiji daga Kano.

"Karatu ya yi miki yawa, 'yar nan. Ga abin da zan ce, kuma ba zan maimaita ba. Alhamis da azahar, ko tagar nan ta karɓi kowa, ko ki ajiye min kalmar sirri ki ɗauki jakarki."

"Ka ba ni Anti Rhoda. Zan bi gidajen da kaina, in shigar da kowane fili a teburinsa."

"Gida ɗari biyu da arba'in? A ƙananan hukumomi uku?" Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ɗauke ta. Amma motar ofis tana gareji."

Kafin ya mayar da tabarau ta fice.

Motar Gagarawa ba ta cika da wuri ba. Rakiyya ta zauna a baya tsakanin buhun barkono da wata mata mai goyo, tana duba agogon waya kamar dubawar za ta ƙara fasinja. Sau biyu ta sauko ta zagaya motar ta koma. Da suka tashi ma direban ya tsaya shan mai, ya tsaya ɗaukar akuya, ya tsaya gaisawa da surukinsa.

A Gagarawa Tasha ta tarar da Rhoda zaune a gindin darbejiya tana cin gyaɗa. Ita kaɗai ce mace a cikin malaman rajista tara. Mahaifinta ma'aikacin jinya ne da aiki ya kawo daga Filato tun tana goye, a nan ta girma, kuma in ana faɗa da Hausa a tasha ba a cin ta.

"Injiniya! Ashe ke ma kina taka ƙasa? Na ɗauka sai a kan kujera mai juyawa ake ganinki."

"Anti, ba lokacin wasa ba ne."

"Ai na ji. Bilal abokin aikina ya kira ni yana ta kumfar baki, wai kin ɗaure musu waya da jan rubutu. Ci gyaɗa, fuskarki kamar wadda aka kora daga gidan biki."

Suka hau babura biyu zuwa ƙauye na farko. A takardar Rakiyya gidan Malam Aminullahi fili uku gare shi, jimilla eka shida da rabi, malamin rajista kuma ya so ya mayar da ita huɗu. Suka same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan an gaisa, an tambayi ruwa, an tambayi iyali, Rakiyya ta ce, "Baba, eka huɗu ka ce za ku sa riɗi bana?"

"Huɗu, in Allah ya yarda."

"To wace gona kuka rage? Bara shida da rabi ne."

Ya dube ta da mamaki. "Ba mu rage komai ba. Ya tambaye ni gonata, na ce huɗu. Gandu ke nan. Na cikin gida ai ba nawa ba ne da zan ƙirga. Ku shiga ku tambaye su."

Rakiyya ta dubi Rhoda, Rhoda ta dube ta. Malamin da ya zo namiji ne, iyakarsa zaure. Bai shiga ba, bai kuma san akwai abin tambaya a ciki ba.

A tsakar gida suka tarar da Iya Sharifa, mahaifiyar maigidan, tana tsince riɗi a faifai. Rabin eka ce gayaunarta, a bayan gari, kuma da riɗinta take yin kantu tana aikawa kasuwa. Da Rhoda ta yi mata bayani sai tsohuwar ta ajiye faifan.

"Wato cire ni za a yi?"

"Ba a cire ki ba, Iya," in ji Rakiyya. "Shi ya sa muka zo."

"Ku rubuta da kyau. Sharifa, rabin eka. Kafin a fara ba mu kati, ɗan nan nawa shi ke karɓowa. Ba ya hana ni, wallahi, yaro ne mai kirki. Amma in ya fara zuba wa gandu, kafin ya waiwayo buhu ya yi ƙasa, sai ya ce Iya yi haƙuri, ga na bara. Na bara kuma sai ya yi ta tsayi ba 'ya'ya." Ta leƙa allon kwamfutar. "Ina sunan nawa?"

Rakiyya ta buɗe teburin filaye ta nuna mata layin. Tsohuwar ba ta karatun boko, amma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a ba su kantu su tafi da shi.

A waje Rhoda ta tafa hannu. "To ai an gama! Ki gaya wa abin naki, duk lambar da aka sa ya ɗora ta a kan gandu, ya bar na mata yadda suke. Mu koma gida mu huta."

Rakiyya ta ga kamar abin zai yiwu. Layi biyu ne kawai za ta canza a tirigar. Har ta fara tsara su a kanta kafin su isa gida na gaba.

Gida na gaba ya rushe mata su. Maigidan ya ce bakwai, kuma da aka tambaye shi sai ya ƙirga a yatsu: gandu huɗu, na matarsa ɗaya, na matar ƙanensa ɗaya, na ɗansa ɗaya. Duka ya haɗa. A gida na uku maigidan ya haɗa na matarsa amma ya bar na mahaifiyarsa, wai ita ba a yi mata lissafi, ita ke yi wa mutane. A na huɗu matar ta ce bana zoɓo za ta sa, ba riɗi ba, mijin kuma bai ma sani ba.

"Kin gani ko?" in ji Rakiyya. "Babu ƙa'idar da zan rubuta ta san wannan. Sai an tambaya."

"Na gani, Injiniya. Amma ƙafafuna ma sun gani."

Suka daina bi gida gida. A kowane ƙauye sai su roƙi mai unguwa a tara musu matan a cikin gidansa. Rhoda na kiran suna tana zolaya, Rakiyya na zaune a kan turmi da kwamfuta a cinya tana shigarwa. Kafin la'asar sakaliya sun yi gida talatin da takwas. Rakiyya ta cire daga ɗari biyu da arba'in, ta raba saura da kwanakin da suka rage, ta sake rabawa, lissafin ya ƙi canzawa.

Talata suka nufi Sule Tankarkar. Ruwan da ya ƙi zuba jiya ya same su a hanya, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rakiyya ta naɗe kwamfutar a leda biyu ta tura cikin hijabi, ta dunƙule a bayan ɗan acaɓa, shi kuma yana ta jan babur a cikin yashi mai laka yana addu'a da ƙarfi. Suka isa sharkaf. Matan ƙauyen kuwa duk sun fita gona, don ba mai zama a gida ranar da ƙasa ta jiƙa. Sai da suka bi su gona gona, takalma a hannu.

Da rana batir ya mutu. Ta kai kwamfutar rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, ta tsaya a kansa tana kallon lambar tana hawa ɗaya ɗaya. A nan wani dattijo mai rawani a kafaɗa ya tsaya a gabanta.

"Ke ce 'yar ofishin Gumel?"

"Ni ce, Baba."

"An ce ke kika riƙe mana iri."

"Ba riƙewa na yi ba, Baba, so nake kowa..."

"Na gyara eka biyar. Na hana ta gero, na hana ta wake, na bar ta tana jiran riɗi. In Juma'a ta zo babu sunana, ke za ki ciyar min da gida?"

Ta tambayi sunansa, ta duba takarda, ta same shi a ƙauyen da ba su kai ba tukuna. Ta ce masa suna zuwa. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya tafi. Ta zare cajin yana kashi sittin, ta ce da Rhoda su fara da ƙauyensa.

Malam Ishaƙ ya kira bayan la'asar.

"Nawa?"

"Casa'in da tara."

"Cikin kwana biyu. Rakiyya, kin fi ni iya lissafi."

"Gobe za mu fi haka."

"Shugaban kwamiti ya kira ni sau uku yau. Na ce masa matsalar na'ura ce, ana gyarawa. Kada ki sa in zama maƙaryaci."

"Ba matsalar na'ura ba ce, Malam. Na'urar daidai take yi."

Ya kashe wayar.

Laraba Maigatari. A ƙauyukan da ke bakin iyaka sabis ya riƙa tsallakawa Nijar, waya ta riƙa yi mata maraba da zuwa wata ƙasa alhali tana zaune a kan tabarmar mai unguwa. Ba ta iya kaiwa ga rumbun daga nan. Sai ta rubuta a takarda, in sun tara gida goma sha biyar ta hau kabu-kabu ta koma kudu har inda sabis ya dawo, ta zauna a gindin wata aduwa ta shigar, ta sake komawa. Sau huɗu ta yi wannan zirga-zirga. Bayanta ya ƙage, idonta ya yi ja, ba ta ci komai ba sai kantun Iya Sharifa da ya rage a jaka.

A zuwa na huɗu Rhoda ta biyo ta. Rana ta yi sanyi, makiyaya na wucewa da shanu za su kwana kusa da kasuwa. Rakiyya ta gama shigar da na ƙarshe, gida ɗari da sittin da shida ke nan. Saura saba'in da huɗu, da rabin yini.

Ba ta rufe kwamfutar ba. Ta buɗe tirigar ta zuba mata ido. Ba ta da tsawo, duka ba ta cika allo ɗaya ba. Ga inda take ƙirga filayen gidan, ga inda take cewa in ɗaya ne kai lambar, ga inda take tsayawa ta yi tambaya. A ƙarƙashin nan ne za a sa abin da Malam ke so: zaɓi layin gandu, ɗora masa sabuwar lamba, goge sauran. Ta san kowane harafi. Yatsunta har sun hau madannai.

Rhoda ta zauna kusa da ita ta miƙe ƙafa.

"In faɗa miki gaskiya, ƙanwata?"

"Faɗi."

"Aiki irin naki guda ɗaya ne a duk ƙasar Gumel, kuma ke ke kansa. In kin tashi, ba wani aikin da ke jiran ki. Mamanki na nan, ƙannenki na nan. Ni shekara ashirin ina aiki ƙarƙashin mutane, na koyi cewa to sannan in yi abin da zan iya. Kin ceci ɗari da sittin da wani abu. Ki rubuta masa na sauran, Allah ya ga zuciyarki."

"In na rubuta, ba na sauran ba ne kaɗai, Anti. Tiriga ba ta san bana ba. Tana nan ɗaure, baɗi ma duk wanda aka taɓa layinsa sai ta haɗe. Shekara biyu, babu mace ko ɗaya a teburin."

"In kin tafi ai wani ne zai rubuta."

"Ya rubuta."

"To me kika tsare?"

Rakiyya ta janye yatsunta daga madannai. Wata saniya ta tsaya tana kallonsu, makiyayin ya daka mata tsawa ta wuce.

"Na zauna a gaban matan nan na nuna musu sunansu," ta ce. "Ba zan koma da hannun nan in goge ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Taurin kai dai kamar jakin mai ruwa." Rhoda ta tashi tana kakkaɓe zane. "Rufe mu tafi. Gobe da sassafe zan zo, kada ki ce na gudu."

Abin da Rakiyya ba ta saka a lissafi ba shi ne Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce. Suka isa ƙauyen farko da hantsi suka tarar da shi wayam, daga tsofaffin da ba sa gani sosai sai awaki. Maza sun kora dabbobi, mata sun ɗauki ƙwarya da tabarmi, kowa ya bi hanya. Suka bi su kasuwar, suna kutsawa tsakanin raƙuma da manyan motoci, Rhoda na ɗaga murya tana kiran sunan ƙauye, ana waiwayowa ana dariya. Wadda aka samu tana tsakiyar ciniki, ba ta da lokacin eka. Wadda ta tsaya kuma ba ta san na matar wan mijinta ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta yi suna da gida goma sha ɗaya.

Rakiyya ta shiga ofis ana kiran azahar, ƙafafunta fari fat da ƙura, leɓenta a bushe. Malam Ishaƙ na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Nawa ya rage?"

"Sittin da uku."

"Na roƙi kamfanin, sun ƙara min awa ɗaya. Ɗaya tak." Ya sassauta murya. "Kin yi ƙoƙari, wallahi ban zaci za ki kai haka ba. Zauna ki sha ruwa, ki rubuta abin nan, mu rufe maganar. Babu wanda zai ji daga bakina."

"Ka ba ni zuwa Asabar."

"Ba a hannuna yake ba."

"To ba zan rubuta ba."

"Gida sittin da uku, Rakiyya. Mutum nawa ne a ciki? Ki ce su zauna ba iri saboda layi a kwamfuta?"

"Ban ce ba. Ba ni da amsar da za ta ishe ka, Malam. Kana da gaskiyarka. Amma ni ba zan rubuta ba."

Sannan ya miƙo mata takarda da biro. Ta rubuta kalmar sirrin da kyau, harafi harafi, don kada a yi kuskure, ta miƙa masa. Rumbun na ƙungiya ne, ba ta taɓa tunanin riƙe shi ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar ni in buga sunayen da ke gidajen nan kafin a taɓa su."

Ya ɗaga hannu alamar ta yi. Aka tada janareta, ta buga shafi huɗu, ta ninke ta ba Rhoda ta adana.

Malam Ishaƙ ya kira Yazid, mutumin Kano da ya yi musu manhajar waya, ya karanta masa kalmar, ya faɗa masa abin da yake so. Yazid bai tambayi ko mene ne gayauna ba. Ya ce a ba shi minti goma sha biyar, bai ma cinye su ba. Aka aika wa malaman rajista saƙo su sake gwadawa.

Rakiyya na zaune a kujerarta tana haɗa kayanta cikin jaka, allon na buɗe a gabanta. A gefe ɗaya taga, layukan gidaje tsaf, ba abin da ya motsa sai lambobi. A ɗaya gefen adadin layukan teburin filaye, yana sauka ɗaiɗai, bibbiyu, uku uku, duk lokacin da wani malami ya danna waya a wani wuri. Da ya tsaya ta cire sabon adadin daga tsohon. Ɗari da goma sha takwas.

"Alhamdu lillahi, ta karɓa," in ji Malam Ishaƙ daga ofishinsa. Da ya fito ya gan ta sai ya kau da kai.

Ta kashe kwamfutar, ta naɗe wayar caji, ta ajiye su a kan teburinsa, ta yi masa sallama kamar kullum. Ya amsa ƙasa ƙasa.

Juma'a mota ta zo, aka raba iri, kowane gida ya samu. A gidaje ɗari da saba'in da bakwai mata suka karɓa da katinsu. A sittin da uku maigida ya karɓo. Takardar kwamiti ta iso gidansu Rakiyya ranar Talata, layi huɗu, an sallame ta saboda ƙin bin umarni a lokacin da manoma ke cikin buƙata.

Abin da tsayuwar ta ci mata ke nan. Ta rasa aikin da babu irinsa kusa, da albashin da gidansu ke jingine da shi, da mutumin da ya taɓa tsaya mata a gaban kwamiti. Sunaye ɗari da goma sha takwas sun goge duk da haka, tirigar Yazid kuma tana nan ɗaure tana jiran baɗi. A ƙauyukan Sule Tankarkar har yanzu in an ambace ta cewa ake yi yarinyar nan da ta so ta hana mutane iri. Wata bakwai ta yi a gida tana aika takardun neman aiki Dutse da Kano, kuma duk inda aka tambaye ta dalilin barin na baya, sai ta faɗa musu yadda aka yi.